Ruwan da ke wuce Gwaram: Yadda makomar kogin Bunga ta haɗa Jigawa da Yobe da Nijar

Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Bunga a ƙasar Gwaram cikin watan Agusta, zai ga jan ruwa ya cika gaɓa da gaɓa, yana gudu da itatuwa da karan gonakin da ya share. In ya dawo a watan Maris, sai ya tarar da yashi shimfiɗe, yara suna tsallakawa da ƙafa, manoman rani kuma sun jera injinansu suna zuƙo ruwan da ya ɓuya a ƙarƙashin yashin.

Mutanen Gwaram da maƙwabtansu na Birnin Kudu sun san fuskokin nan biyu sarai. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya wata gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Shekara guda bayan haka aka yi ambaliyar 2022, wadda ta hallaka sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Da bazara ta yi tsanani kuwa, a wannan yanki dai ake ganin layin jarkoki a bakin famfo.

Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne inda ruwan ke zuwa bayan ya wuce su. Wannan kogi ba na Jigawa kaɗai ba ne. Jihohi da dama da wata ƙasa maƙwabciya suna da rabo a cikinsa, akwai kuma yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu a kansa tun shekaru aru-aru. Matsalar ita ce ba a raba abin da ba a auna ba, kuma awon kogin nan da isar da labarinsa ga waɗanda ya shafa shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Hanyar da ruwan ke bi

Kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos a Jihar Filato. Ya ratsa ƙasar Bauchi, inda ake kiransa Bunga, ya shigo kudancin Jigawa ta Gwaram, sannan ya sake komawa Bauchi ya bi ta Jama'are da ƙasar Katagum. Daga nan ya samo sunan da aka fi saninsa da shi a taswira, wato kogin Jama'are. Rafukan yankin Birnin Kudu, irin su Iggi da Dogwala, su ma a cikinsa suke juye ruwansu.

Kusa da Gashuwa a Jihar Yobe ya haɗu da kogin Haɗeja, su biyun suka zama kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu. Ya wuce Gaidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar na tsawon sama da kilomita 100, ya bi ta gefen Damasak da Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi a wajajen Bosso da Malam Fatori.

A Diffa ruwan sama kaɗan ne, bai isa a dogara da shi ba. Da ruwan Komadugu ake noman shinkafa da jan tattasan da yankin ya shahara da shi, wanda ake wa laƙabi da jan zinare, kuma kasuwannin Najeriya ne ke shanye kaso mai yawa daga cikinsa. Masunta da makiyaya a ɓangarorin iyakar biyu su ma da shi suke rayuwa.

Ke nan ruwan saman da ya sauka a Filato da Bauchi da kudancin Jigawa shi ne jarin manomin da ke zaune ɗaruruwan kilomitoci a arewa maso gabas, wanda wataƙila bai taɓa jin sunan Gwaram ba.

Darasin da kogin Haɗeja ya bayar

Dalilin da ya sa kogin Jama'are ya yi nauyi haka yana komawa ne ga abin da ya samu ɗan'uwansa na Haɗeja.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka soma a zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1992 aka ƙara da ta Challawa. Su biyun ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Amfaninsu a bayyane yake: birnin Kano na shan ruwansu, gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam sun dogara da su, haka ma aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo.

Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan yi babbar cika da damina, ya wanke hanyarsa, ya bushe da rani. Bayan madatsun sai ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi ne ciyawar kacalla ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi suka samu mafaka. Ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma da tafkin Nguru, ya riƙa kwanciya a gonakin wasu, wasu kuma a gaba suka rasa shi.

Sakamakon haka, abin da ke isa Gashuwa daga kogin Haɗeja ya ragu ƙwarai. Mafi yawan ruwan da kogin Yobe ke ɗauka zuwa iyakar Nijar a yau daga Jama'are yake fitowa, domin shi ne babu babbar madatsa a kansa.

A 1998 masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun wallafa wani bincike da ya kwatanta ribar manyan ayyukan noman rani na saman kogunan da asarar da fadamun Haɗeja da Nguru za su yi idan ruwa ya ragu. Sun gano cewa ribar ba za ta cike gurbin asarar noma da kamun kifi da itacen da mutanen fadamun ke samu ba. Har yau ana kafa hujja da wannan bincike a duk lokacin da maganar sabuwar madatsa ta taso.

Kafin Zaki: Madatsar da ke saman Gwaram

Maganar kuwa ba ta taɓa mutuwa ba. Tun bayan farin farkon shekarun 1970 aka tsara gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Bunga, a ƙaramar hukumar Ningi ta Jihar Bauchi. An tsara ta riƙe ruwa kyubik mita biliyan 2.7, ta shayar da gonaki kimanin hekta 120,000.

An ba da kwangilar a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar a 1984. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta farfaɗo da ita a 1992, ta Janar Sani Abacha ta sake tsayar da ita a 1994. A 2008 Gwamna Isa Yuguda na Bauchi ya sake tayar da maganar, kuma tun daga nan 'yan siyasar jihar ba su daina kira a kammala aikin ba. A ɗaya ɓangaren, Yobe da Borno sun daɗe suna nuna adawa, saboda tsoron kada abin da ya faru da kogin Haɗeja ya maimaita kansa.

A wannan ja-in-ja, ba kasafai ake jin sunan Gwaram ba, alhali ita ce ƙasar Jigawa ta farko da ruwan zai taras bayan ya baro madatsar. Duk abin da za a yi a Kafin Zaki, a nan za a fara ganin tasirinsa.

Tasirin na iya zama alheri. Madatsar da ake tafiyarwa da tsari tana rage ƙarfin ambaliyar Agusta, ta kuma saki ruwa da rani. Yana kuma iya zama akasin haka. Idan cikar damina ta ragu sosai, ruwan da ke shiga ƙarƙashin fadama zai ragu, rijiyoyin manoman rani su ja baya. Idan aka yi sakaci da gyara, garuruwan da ke ƙasa da ita ne a bakin haɗari. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuma suna ɗauke da tabon Alau tun watan Satumban 2024.

Saboda haka tambayar da ta shafi Gwaram ta wuce a gina ko kada a gina. Idan an gina, wa zai yanke yawan ruwan da za a saki, a wane wata, bisa waɗanne alƙaluma, kuma wa za a sanar kafin a buɗe ƙofofi? Ita ce dai tambayar da ke gaban manomin Gaidam da na Diffa.

Takardun da aka sa wa hannu

Ba ƙarancin yarjejeniya ake fama da shi ba.

A ranar 22 ga Mayun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi, mai hedikwata a Njamena. A 1971 Najeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, mai mazauni a Yamai. A ƙarƙashinta aka sa hannu kan Yarjejeniyar Maiduguri ranar 18 ga Yulin 1990, wadda ta tanadi raba ruwa bisa adalci a yankunan koguna huɗu da ƙasashen suka yi tarayya a kansu, ciki har da Gulbin Maraɗi da Komadugu. Ta wajabta musayar bayanai, da tuntuɓar juna kafin a fara aikin da zai taɓa rabon ɗaya ɓangaren.

Akwai giɓi a nan. Game da Komadugu, ɓangaren ƙasa na kogin yarjejeniyar ta ambata, wato wajajen iyaka. Amma shawarwarin da ke ƙayyade yawan ruwan da zai isa can a sama ake yanke su, a Kano da Bauchi da Jigawa. Kundin Ruwa na Tafkin Chadi, wanda shugabannin ƙasashen suka amince da shi a Njamena a watan Afrilun 2012, ya fi faɗi, domin ya haɗa duk kogunan da ke zuba a tafkin, ya kuma tanadi sanarwa tun kafin a fara manyan ayyuka.

A watan Maris na 2023, yayin taron ruwa na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, Najeriya ta shiga yarjejeniyar 1992 kan koguna da tafkunan da ke ƙetare iyakoki. Chadi da Kamaru sun riga ta shiga.

A cikin gida ma an yi yunƙuri. A 2006 jihohi shida, wato Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, sun haɗu a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya, suka amince da tsarin kula da kogunan bai ɗaya, suka kafa asusun amana mai ofis a Damaturu. Ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya sun taimaka wajen kai wa ga wannan mataki. Tun 1976 kuma akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano.

A doka, ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya yana hannun Gwamnatin Tarayya, kamar yadda dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta tanada. Ƙudurin da aka so a sabunta tsarin da shi ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya, saboda zargin da wasu jihohi da ƙungiyoyi suka yi cewa hanya ce ta ƙwace filayen bakin koguna. Haka aka zauna da hukumomi da yawa, kowace da nata ikon, babu wadda kalmarta ke ɗaure kowa.

Lokacin da siyasa ta shiga tsakani

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ya jefa dangantakar ƙasashen biyu cikin tsami. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, har zuwa farkon 2024 da aka ɗage takunkumin. A watan Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, a watan Maris kuma ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a yankin tafkin.

Kogi dai bai tsaya ba. Damina uku ko huɗu na rashin jituwa sun isa a yi asarar amfanin gona da rayuka idan bayanai suka daina ƙetare iyaka.

Najeriya ta san zafin zama a ƙasan kogi. Duk shekara hankalin jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi yana kan madatsar Lagdo ta Kamaru, kuma abin da ake nema daga Kamaru shi ne sanarwa a kan lokaci kafin ta saki ruwa. A kan Komadugu, Najeriya ce a sama. Abin da take buƙata daga Yawunde shi ne ainihin abin da Yamai ke da haƙƙin nema daga Abuja.

Akwai misalin da ke nuna cewa aikin ruwa na iya tsira daga rikicin siyasa. Mali da Muritaniya da Senegal sun kafa hukumar kogin Senegal a 1972, Gini ta shiga daga baya. Sun gina madatsun Diama da Manantali a matsayin mallakar haɗin gwiwa, suna raba kuɗin aiki da amfaninsa bisa ƙa'idar da suka amince da ita. Ko a 1989, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya har suka yanke hulɗar jakadanci, hukumar ba ta rushe ba. Abin da ya riƙe ta shi ne kowace ƙasa tana da abin da za ta rasa idan ta fice.

Abin da fasaha ke iyawa

Ambaliyar Komadugu tana da wata siffa da ke sa gargaɗi ya yi amfani sosai: tafiyar hawainiya take yi. Ruwan da ya cika Bunga a Agusta yana ɗaukar makonni yana ratsa fadamun Katagum da Yobe kafin ya kai iyaka. Shi ya sa Diffa kan yi ambaliya bayan damina ta ɗauke, kamar yadda ya faru a watan Oktoban 2019, lokacin da dubban mutane suka bar gidajensu. Wanda ya san tsayin ruwa a Bunga da Gwaram yau, yana riƙe da labarin da zai amfani Gashuwa da Gaidam da Diffa makonni kafin ruwan ya isa.

Kayan aikin sun samu. Taurarin ɗan'adam na Tarayyar Turai masu suna Sentinel suna ɗaukar hoton yankin a kai a kai, wasunsu suna gani ko da hadari ya rufe sama, kuma kyauta ake samun hotunan. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana fitar da hasashen damina da na cikar koguna ga ƙasashen Sahel da Afirka ta Yamma. Daga 2018 ta yi aiki tare da hukumar kula da koguna ta Najeriya, NIHSA, da hukumar yanayi ta Suwidin a wani shiri mai suna FANFAR, na hasashen ambaliya a yankin. Kamfanin Google ma yana da shafin Flood Hub, wanda ke nuna hasashen cikar koguna a ƙasashe da dama, har da Najeriya. A gida, NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya.

Amma duk wani hasashen kwamfuta sai an gwada shi da awon gaske kafin a amince da shi. Tauraro na iya nuna faɗin wurin da ruwa ya rufe. Yawan ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada a kowace daƙiƙa kuwa, sai an auna shi a wurin, da sanda mai lambobi ko na'urar da ke aika saƙo da kanta, da ma'aikacin da ke zuwa lokaci-lokaci ya tabbatar awon bai kauce ba.

A da ana yin wannan aiki. A zamanin tsohuwar Jihar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, hukumar WRECA ta yi suna wajen awon koguna, kuma gadar Bunga na cikin tsofaffin wuraren da ake ɗaukar awo. Daga baya tashoshi da yawa a yankin suka daina aiki a kai a kai, bayanan suka riƙa samun giɓin shekaru. Wannan giɓi ne ke sa muhawarar Kafin Zaki ta zama ta kowa da nasa lissafi.

Ko an samu hasashen ma, saura isar da shi. Sanarwar da aka karanta da Turanci a ɗakin taro a Abuja, mai cewa wata ƙaramar hukuma na cikin haɗari, ba ta gaya wa mai gona a Fagam ko Kila ko Sundimina ranar da ya kamata ya kwashe injinsa daga bakin kogi ba. Direban da ya taso daga Kano cikin dare ma ba ta gaya masa wace gada ce ruwa ya ci gindinta ba.

Ruwan da ba a gani

Akwai wani ɓangaren da ya fi shafar Birnin Kudu da Gwaram fiye da arewacin jihar. Yawancin arewa da gabashin Jigawa na zaune ne a kan yashi da laka masu kauri, waɗanda ke riƙe ruwa mai yawa. Kudanci kuwa a kan dutse yake, irin duwatsun da suka sa Birnin Kudu ta shahara da zanen mutanen da. A irin wannan ƙasa, ruwa na maƙalewa ne a tsagar dutse da ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa ake iya haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, a matsa gaba kaɗan a haƙa wata a tashi a tutar babu.

Ruwan da ya fi sauƙin samu shi ne na yashin bakin koguna, kuma cikar damina ce ke mayar da shi duk shekara. Tun shekarun 1980, da kuma shirye-shiryen Fadama na Bankin Duniya daga farkon shekarun 1990, ƙananan rijiyoyi da injinan fetur suka bazu a fadamun arewa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoma da dama sun koma ga injin gas da na sola.

Injin sola sauƙi ne babba ga manomi. Sai dai tsadar fetur, duk da ciwonta, ita ce ke sa mutum ya kashe inji da zarar gona ta ƙoshi. Da rana ce ke ba da wuta, wannan birki ya tafi. A wasu yankunan Indiya, inda wutar ban-ruwa ta yi arha ko ta zama kyauta, ruwan ƙasa ya yi nisa har ƙananan manoma suka kasa cim masa. Kafin a kai ga haka a fadamun Bunga da Iggi, ana buƙatar rijiyoyin gwaji da za a riƙa auna zurfin ruwa a cikinsu wata-wata, a kuma sanar da ƙungiyoyin manoma sakamakon.

Ina kuɗin ke zuwa?

Kuɗin ƙasashen waje sun shigo harkar ruwa a arewa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya gyara manyan ayyukan noman rani, ciki har da na kogin Kano da na kwarin Haɗeja. A ƙarshen 2021 ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da kula da magudanan ruwa a jihohin arewa 19 da Abuja. A 2024 aka ƙara da dala miliyan 500 na shirin SPIN, mai kula da lafiyar madatsu da noman rani. Rance ne, kuma 'yan ƙasa ne za su biya.

A Jigawa, hankali ya fi karkata ga kogin Haɗeja, kuma da dalili, domin a can ambaliya ta fi yin ɓarna, a can kacalla take, a can manyan gonakin suke. Amma hakan ya bar reshen Jama'are a baya, ga shi kuwa shi ne ke ciyar da kogin Yobe.

A matakin ƙasa da ƙasa kuma, manyan mafarkai sun fi jan hankali. A taron Abuja na watan Fabrairun 2018 an goyi bayan shirin Transaqua, na janyo ruwa daga yankin kogin Kwango ta hanyar da za ta kai kimanin kilomita 2,400 don cika Tafkin Chadi. Har yanzu ba a fara haƙa ba. Kuɗin da za a kashe a kafa tashoshin awo a duk tsawon kogin Jama'are, a kuma riƙa biyan masu kula da su, bai kai cikin cokali ba idan aka kwatanta.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin farko shi ne tashoshin awo masu aiki a kan Bunga, sama da Gwaram da ƙasa da ita, da kuma kan Iggi da Dogwala, tare da kasafin kula da su na dindindin. Na'urar da aka kafa da kuɗin wani shiri kan mutu ne shekara biyu bayan shirin ya ƙare, idan babu wanda aka ɗora wa alhakin canza mata batir.

Na biyu, a buɗe alƙaluman ga kowa. Idan awon kowace rana yana kan intanet, injiniyan Bauchi da na Damaturu da na Diffa za su duba lamba ɗaya, ko ministocinsu na ga-maciji ko ba sa yi. Nijar na da tata tashar awo a Bagara kusa da Diffa, kuma bayananta za su nuna wa Najeriya abin da ke isa ƙarshen kogin a zahiri.

Na uku, a mayar da lambobin zuwa saƙon da mutum zai yi aiki da shi, da Hausa da Fulatanci, ta rediyo da wayar hannu, ta bakin hakimai da dagatai da limamai, da shugabannin tashoshin mota da ke bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram da Basirka.

Na huɗu, kafin a sake ɗaukar maganar Kafin Zaki da gaske, a rubuta ƙa'idar sakin ruwa, a bayyana ta, jihohi shida su amince, a sanar da Nijar kamar yadda takardun 1990 da 2012 suka nufa. Gwaram da Birnin Kudu na da wakilai a Majalisar Wakilai da majalisar jiha, suna da sanata, suna ƙarƙashin Masarautar Dutse. Waɗannan ne ke da hurumin neman kujera ga yankin a teburin, tun ba a zuba harsashi ba.

Babu ɗaya daga cikin matakan nan da ke jiran sulhun Abuja da Yamai, ko amincewar majalisa da sabuwar doka. Hukumar kogunan da ke Kano, da NIHSA, da gwamnatin Jigawa, da asusun Damaturu suna da ikon fara na farko da na biyu kafin damina mai zuwa. Idan aka yi haka, ranar da Bunga ya fara hawa a Agusta, mai gona a Gwaram zai samu sa'o'in kwashe kayansa, mai tattasai a Diffa kuma ya samu makonnin shiri.